Sunan Hausa da Sunan Kimiyya: Sharhi a kan Ƙamus ɗin Tsirrai na Dalziel bisa Ma'aunin Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani ɗan littafi wanda ya haura shekara ɗari da bugawa, amma har yau malaman kimiyyar halittu da manazarta Hausa ba su daina shan ruwan rijiyarsa ba, ko da yake da yawansu ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. Littafin shi ne A Hausa Botanical Vocabulary, watau jerin sunayen tsirrai na Hausa, wanda Dokta J. M. Dalziel ya wallafa a Landan cikin 1916. Za mu auna shi da ma'auni biyu. Na farko shi ne yadda masana kimiyya suke rarraba halittu a yau. Na biyu kuwa shi ne yadda mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suke kiran itatuwa da ciyayin da ke kewaye da su.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan aiki abu ne da muke gani a aji. Ɗalibin da ya tashi a ƙauye, wanda yake iya bambanta magarya da kurna tun daga nesa, idan ya shigo darasin rabe-raben halittu sai ya zama baƙo. Yakan haddace sunayen Latin daga takardun da aka yi ta kwafa hannu zuwa hannu, ya zuba su a jarrabawa, ya manta, ba tare da ya taɓa sanin cewa itacen da ake magana a kansa yana tsaye a bayan gidansu ba. Wannan ɗalibi shi ne zai zama malamin firamare gobe. Idan ya fita da tunanin cewa kimiyya dabam, sanin kakanninsa dabam, to, ya yi asarar duka biyun.

2.0 Marubucin da Zamaninsa

John McEwen Dalziel (1872–1948) likita ne mutumin Sikotlan, wanda ya kama aikin likita a Afirka ta Yamma cikin 1905. Ya yi aiki a sassa dabam-dabam na Nijeriya ta Arewa, yana tattara tsirrai yana busarwa, yana aikawa ɗakunan ajiyar tsirrai na Birtaniya. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa a Lambun Kew tsakanin 1927 da 1936, sa'an nan a 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa. Saboda wannan hidima aka laƙaba sunansa ga itacen nan da Bahaushe yake kira hano ko ararraɓi, aka ce masa Boswellia dalzielii.

Ba shi ne Baturen farko da ya sa ido a kan tsirran ƙasar nan ba. Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824, Heinrich Barth kuma ya ratsa ta Zurmi da Badarawa a 1853. A ratayen littafin tafiyar su Clapperton ne, a 1826, masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa gidan ɗorawa suna Parkia, domin tunawa da Mungo Park. Bambancin Dalziel da waɗanda suka gabace shi shi ne, ya ɗauki sunan Hausa ya mai da shi ƙofar shiga, ya jera sunayen bisa abacada, ya sa wa kowanne sunan kimiyya da ɗan bayanin amfaninsa.

3.0 Yadda Masana Suke Rarraba Halittu

Kafin mu shiga sharhin, ya kamata mu tuna wa juna tsarin da ake magana a kansa. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya daidaita ba kowane tsiro suna mai kalma biyu a 1753, ya yi wa dabbobi haka a 1758. Kalmar farko sunan rukunin da za mu kira gida a wannan takarda, ta biyu kuwa ta iri ce. Gidaje masu kusanci su ne suke haɗuwa su zama dangi, haka abin yake ta hawa har zuwa masarauta. Alal misali, magarya ita ce Ziziphus mauritiana, kurna kuma Ziziphus spina-christi: gida ɗaya, iri biyu.

Linnaeus ya dogara ne da kamanni, musamman ƙirar fure. Bayan littafin Charles Darwin na 1859, masana suka fara neman rabe-raben da zai nuna nasaba, watau halittun da suka fito daga tushe ɗaya su zauna rukuni ɗaya. Willi Hennig ya tsara ƙa'idar yin haka a 1950. A 1969 Robert Whittaker ya kasa halittu masarauta biyar, inda ya cire su naman kaza daga cikin tsirrai ya ba su tasu masarautar. A 1990 Carl Woese da abokan aikinsa suka kawo dauloli uku a bisa masarautu, bayan sun gano cewa ƙananan halittun da ake yi wa kuɗin goro da sunan bakteriya kashi biyu ne masu nisa da juna. Daga 1998 kuma wani gungun masana ya sake tsara dangogin tsirrai masu fure bisa shaidar sinadarin gado na DNA, tsarin da aka yi wa gyara na huɗu a 2016.

Abin lura a nan shi ne, sunan kimiyya hukunci ne da aka yanke bisa shaidar da ke hannu. Idan sabuwar shaida ta zo, ana sake zama. Wannan shi ne abin da mafi yawan masu kwafar Dalziel ba su yi la'akari da shi ba.

4.0 Abin Yabo a Littafin

Yabon gwani ya zama dole. Da farko, Dalziel ya ɗauki sanin Bahaushe da muhimmanci a zamanin da ba kowane Bature yake yin haka ba. Na biyu, bai tsaya ga jin suna kawai ba, yakan tsinko tsiron a tantance shi, saboda haka akasarin abin da ya daidaita yana nan daram: sunan Latin ɗin yana iya sauyawa, amma itacen da ya nuna shi ne dai itacen. Na uku, yakan nuna yankin da ya ji kalma, ko Sakkwato, ko Kano, ko Katsina, wanda ya sa littafin ya zama taska ga masu nazarin karin harshe. Ayyukan da suka biyo baya a wannan fage, kamar jerin sunayen tsirrai na Hausa na Z. O. Gbile na 1980, da sabunta littafin tsirrai masu amfani da H. M. Burkill ya fara fitarwa a 1985, a kan turbar da ya share suka bi.

5.0 Inda Littafin Ya Gaza

5.1 Sunayen Latin da suka tsufa

Wannan ba laifin marubucin ba ne, laifinmu ne mu da muke kwafa ba bincike. Mu dubi waɗannan itatuwa da ba gonar da za a rasa ɗayansu tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi:

gawo: da Acacia albida, yanzu Faidherbia albida
bagaruwa: da Acacia arabica, sa'an nan Acacia nilotica, yanzu Vachellia nilotica
kaɗanya: da Butyrospermum parkii, yanzu Vitellaria paradoxa
kalgo: da Bauhinia reticulata, yanzu Piliostigma reticulatum
ɗorawa: da Parkia filicoidea, sa'an nan Parkia clappertoniana, yanzu Parkia biglobosa

Dalilan sauyin ba ɗaya ba ne, kuma ya kamata ɗalibi ya san su. Na kaɗanya dokar fifiko ce: an tarar akwai sunan da aka raɗa mata tun 1807, ya girmi wanda ake amfani da shi, sai aka koma gare shi. Na gawo kuwa shaidar halitta ce. Auguste Chevalier ya ware masa gidansa a 1934, kuma manomin Zurmi ba zai yi mamaki ba, domin ya daɗe da sanin cewa gawo halinsa dabam: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, shi ya sa ake barinsa a tsakiyar gona gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa.

Labarin bagaruwa ya fi kowanne ban takaici. Bincike ya nuna cewa gidan Acacia tarin gidaje ne da ba su da tushe ɗaya, dole a raba shi. Bisa ƙa'ida, ɓangaren da bagaruwa take ciki shi ya kamata ya riƙe sunan, domin ita ce asalin itacen da aka kafa sunan a kanta. Amma a taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Biyana a 2005 aka mayar da sunan ga itatuwan Ostareliya, waɗanda suka kusa iri dubu, aka kuma tabbatar da haka a taron Melbon na 2011. Da haka bagaruwa da farar ƙaya suka koma Vachellia, dakwara ta koma Senegalia. Darasin da ke ciki shi ne, raba gidan hukuncin shaida ne, amma zaɓen wanda zai gaji sunan hukuncin ƙuri'a ne, kuma wanda ba ya wurin rabo, da abin da aka bar masa zai tashi.

5.2 Jerin abacada ya ɓoye tsari

Naƙasu mafi girma a ganinmu shi ne, littafin ya tara sunaye amma bai nuna yadda Bahaushe yake tsara su ba. Mai karatu zai fita da zaton cewa sunayen Hausa tsibi ne kawai na kalmomi, Latin ce ta zo ta sa musu oda. Alhali kuwa akwai tsari. Bahaushe yana da manyan rukunai: itace, ciyawa (wadda a yankinmu ake ce wa haki), ganye, yaɗo, hatsi. Yana kuma da suna mai kalma biyu irin na Linnaeus: magarya da magaryar kura, gwanda da gwandar daji, goro da namijin goro, kaɗe da namijin kaɗe.

Sai dai ma'aunin ya bambanta. Wani lokaci ya dace da na kimiyya, kamar magaryar kura wadda ita ma Ziziphus ce. Wani lokaci kuma ya saɓa: gwandar daji, Annona senegalensis, ba danginsu ɗaya da gwanda ba, namijin goro kuma Garcinia ne, ba shi da kusanci da goro. Kalmar namiji a irin waɗannan sunaye tana nufin mai kama da abu amma bai kai shi amfani ko laushi ba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka namijin kaɗe shi ne mijin kaɗanya, alhali Lophira lanceolata ne, wani dangi dabam. Haka kuma kauci: mai maganin gargajiya yana kiransa da sunan itacen da ya hau, kaucin kalgo, kaucin tsamiya, domin a wurinsa mahaya ita ke ba shi amfani, shi kuwa masanin kimiyya furen kaucin yake dubawa.

Akwai inda Hausa ta fi kimiyya rarrabewa, akwai inda kimiyya ta fi ta haɗawa. Ƙaura da farfara da takanda da karan dafi duk iri ɗaya ne a kimiyyance, Sorghum bicolor, amma ba manomin da zai musanya wannan da wancan. Har masu binciken noma sun ari kalmomin ƙaura da farfara cikin rubuce-rubucensu, kamar yadda suka ari shibra domin geron nan mai zubar da tsaba. A ɗaya gefen, ɓaure da ceɗiya da durumi da gamji sunaye huɗu ne da ba su nuna wata nasaba, amma duk gidan Ficus ne, kuma duk wanda ya fasa 'ya'yansu ya ga farin ƙaron da ke fita daga jikinsu zai yarda.

Wani abin sha'awa shi ne yadda sabon tsari ya komo kusa da tukunyar miya. A tsohon tsari, kuka da rimi suna dangi ɗaya, lalo yana wani, kuɓewa da rama da yakuwa da auduga suna na uku. Shaidar DNA ta haɗe su duka cikin dangin Malvaceae. Watau miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo 'yan'uwa ne, kuma yauƙi hali ne da ya yawaita a dangin. Amma kada mu yi saurin cewa uwar gida ta riga masana, domin karkashi ma yana da yauƙi, shi kuwa ɗan'uwan riɗi ne. Yauƙi alama ce, bai kai hujja ba. Haka nan a 2010 aka shigar da gidan Pennisetum cikin Cenchrus, sai ga gero, abincinmu, ya zama ɗan gida ɗaya da ƙarangiya mai maƙale wa zane. Sunansa ya koma Cenchrus americanus, ko da yake asalinsa Sahel ɗin Afirka ta Yamma ne. Wannan ma ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa sunan kimiyya lamba ce ta ganewa, ba lallai ne ma'anarsa ta zama gaskiya ba.

5.3 Karin harshe

Mun yaba wa Dalziel da nuna yanki, amma alamar yanki faɗi gare ta. A zamaninsa Zamfara tana cikin Lardin Sakkwato, ba ta zama jiha ba sai 1996, kuma wanda ya san ƙasar ya san cewa Hausar Zurmi, mai iyaka da Katsina, da ta Shinkafi, mai maƙwabtaka da Gobir, kowace da inda take jingina. Ba a kuma nuna karin sauti da tsawon wasali ba, ba a ambaci mutumin da ya ba da kowane suna ko garinsu ba. Mafarauci ne ya faɗa, ko makiyayi, ko ungozoma? Sanin haka yana da amfani, domin kowannensu da irin abin da yake dubawa a jikin tsiro.

Haɗarin yin watsi da karin harshe a fili yake. A kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wanda ya ce a auna masa gujiya, abin da Bakano yake kira gyaɗa za a ba shi, Arachis hypogaea, amfanin gonar da jirgin ƙasa ya yi ta kwasa daga Ƙauran Namoda bayan isowar dogo a 1929. Abin da Bakano yake kira gurjiya kuwa, a nan kwaruru ne, Vigna subterranea. Malamin da ya koya daga littafin da aka rubuta da Hausar Kano yana iya juya wa ɗalibansa sunayen biyu bai sani ba. Ga shi kuma, ko da yake dukansu a ƙarƙashin ƙasa suke 'ya'ya, kwaruru ɗan gidan su wake ne, ɗan asalin Afirka, gyaɗa kuwa baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu. Haka abin yake ga guro da kuɓewa, sure da yakuwa, tonka da barkono. A aji kuskuren maki ne kawai zai ci, amma ga mai haɗa magani daga littafi, kuskuren suna yana iya cin rai.

5.4 Ƙasar ta sauya

Littafin hoton 1916 ne. Dogonyaro, wanda ya fi kowane itace yawa a titunan garuruwanmu, a 1928 aka shigo da shi Borno, shekara goma sha biyu bayan buga littafin. A ɗaya gefen kuma, sara da faɗaɗa gonaki da farin shekarun 1970 da 1980 sun rage itatuwan gida ƙwarai. Daɗin daɗawa, rashin tsaron da ya addabi arewacin Zamfara cikin shekarun da suka biyo bayan 2011 ya raba mutane da dazuzzuka irin na Dumburum, ya tashi ƙauyuka da dama. Yaron da aka haifa a gudun hijira cikin gari ba zai bi kakansa daji ya koyi sunan itace ba. Sunan tsiro ba ya rayuwa sai da mai nunawa da yatsa, in babu shi, suna yakan riga itacen mutuwa.

6.0 Shawarwari

Daga abin da ya gabata, muna gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu. Na farko, a daidaita kalmomin matakan rabe-rabe da Hausa. A halin yanzu jinsi da iri da nau'i kowa yana sa su inda ya ga dama, har a shafi ɗaya. Mun yi amfani da dangi da gida da iri a nan domin gwaji, in akwai waɗanda suka fi su, sai masana harshe da na kimiyya su zauna tare su tsayar.

Na biyu, duk jerin sunayen da za a ba ɗalibai ya zo da sunan da ake amfani da shi yanzu, da tsohon suna a gefensa, da dalilin sauyi a taƙaice. Ɓoye tsohon suna zai hana ɗalibi karanta tsofaffin littattafai, ɓoye sabon kuwa zai hana shi shiga cikin masana na yau.

Na uku, a fara darasin rabe-rabe daga abin da ɗalibi ya zo da shi. A sa shi ya jera tsirran garinsu yadda aka koya masa a gida, ya faɗi ma'aunin da ya bi, sa'an nan a nuna masa na kimiyya, a kwatanta inda suka dace da inda suka saɓa.

Na huɗu, kwalejojin ilimi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda su haɗa hannu wajen tattara sunaye daga bakin dattawa, musamman waɗanda suka baro ƙauyukansu suna zaune cikin gari. Kowane suna a rubuta shi da karin sauti, da garin da aka ji shi, da sana'ar mai faɗa, da busasshen samfurin tsiron inda hali ya yi. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa, lokaci ne kawai ba ya jira.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa littafin Dalziel aiki ne na ƙwarai wanda ya cancanci yabo, amma sunayensa na Latin da dama sun tsufa, jerinsa na abacada ya rufe tsarin da ke cikin sunayen Hausa, alamunsa na yanki sun yi faɗi, ƙasar da ya bayyana kuma ta sauya. Mun kuma ga cewa rabe-raben kimiyya yana tambayar nasaba, na Bahaushe yana tambayar kama da amfani, kowanne yana amsa tambayarsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ci gaba da kwafar aikin 1916 kamar an rufe ƙofar bincike a kansa. Likita ɗaya, baƙo, ya tattara abin da ya tattara cikin 'yan shekaru. Mu da harshen yake namu, dattawan kuma iyayenmu ne, nauyin ƙarasa aikin a wuyanmu yake. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma ƙara da misalai daga nasu yankunan.